Wuri: Dodon-koɗin teku da ya zama kuɗi a ƙasar Kurfai

Duk wanda ke sauraren labarai da Hausa ya saba jin an ce an kashe kuɗi "wuri na gugar wuri" har miliyan kaza. Sai dai ba kowane matashi ya san cewa wurin da ake nufi ƙoƙon wata halitta ce mai rai ba, wadda ke rarrafe a ƙarƙashin ruwan gishiri.

Garin Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai a jihar Tillaberi, yana kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a cikin kwarin Dallol Bosso. Tsakaninsa da teku mafi kusa akwai kusan kilomita 900. Duk da haka wuri ba baƙo ba ne a nan, kamar sauran ƙasar Hausa. Ana ganin sa a ɗamarar 'yan kokawa, da kayan 'yan bori, da faifan masu duba, da kuma tsofaffin kayan adon da aka gada daga kakanni.

Harshe ma ya adana tarihin. A Hausa, jam'in wuri shi ne kuɗi. Zabarmawa, maƙwabtan Kurfayawa, su ma da kalma ɗaya, nooru, suke kiran wuri da kuɗi.

Wace irin halitta ce?

Wuri dangin dodon-koɗi ne. Masana sun sanya shi cikin zuriyar da suke kira Cypraeidae, mai nau'o'i sama da 200, waɗanda akasarinsu ke rayuwa a tekuna masu ɗumi.

Yana ƙarami, ƙoƙonsa a murɗe yake kamar na katantanwa. Idan ya girma, zagayen ƙarshe sai ya lulluɓe sauran, bakin ya tsuke ya zama doguwar tsaga mai haƙora a gefe biyu. Ƙyallin bayansa kuwa ba gogewar mutum ba ce. Dabbar kan fito da wata fatar nama ta rufe ƙoƙon daga waje, tana shafa masa sabon rufi, shi ya sa yake sumul kamar tangaran.

Waɗannan siffofi ne suka sa ya dace da ciniki: ba ya ruɓewa, ba ya saurin fashewa, gara ba ta cin sa, kuma a wancan zamani babu maƙerin da zai iya ƙera na jabu.

Nau'i biyu, tarihi biyu

Cikin zuriyar duka, nau'i biyu ne suka zama kuɗi a Afirka ta Yamma, kuma ana iya bambance su da ido.

Na farko shi ne Monetaria moneta, wanda masani Linnaeus ya fara bai wa sunan kimiyya a 1758. Ƙarami ne, fari mai ratsin rawaya, gefensa na da ƙulle-ƙulle. Babbar mahaifarsa ita ce tsibiran Maldif a tekun Indiya, sama da kilomita 7,000 daga Filinge. Mutanen can kan jefa ganyen kwakwa a ruwa, dabbobin su manne, a janyo su a binne a rairayi har naman ya ruɓe.

Ibn Battuta ya ga abin a wurare biyu. A Maldif ya tarar ana sayar da wuri 400,000 a dinari ɗaya na zinariya. Da ya zo Mali da Gao a shekarun 1352 zuwa 1353, sai ya ga dinari ɗaya wuri 1,150 ne. Nisa ne ya ba shi daraja.

Na biyu shi ne Monetaria annulus, mai launin toka-toka, da zobe ruwan lemo a bayansa. Yana da yawa a gaɓar Afirka ta Gabas, musamman kewayen Zanzibar.

Yadda darajar ta faɗi

Da farko ayarin raƙuma ne ke ratso Sahara da wuri. Daga baya jiragen Holan da Ingila suka riƙa lodinsa daga tekun Indiya, su biya ta Turai, su sauke a tashoshi irin su Wida da ke Benin ta yau. A can da shi ake sayen bayi. Masana tarihi Jan Hogendorn da Marion Johnson sun ƙiyasta cewa wuri sama da biliyan 10 ya shigo yankin a ƙarni na 18 kaɗai.

Daga gaɓar teku fatake suka haura da shi arewa, har ya zama kuɗin daular Sakkwato da maƙwabtanta. A kasuwannin Hausa ba a shirya shi a zare. A ƙasa ake zubewa a ƙirga biyar-biyar. Buhun tabarma mai wuri 20,000 shi ake kira keso.

A 1845 wani ɗan kasuwar Jamus, Adolph Hertz, ya fara kawo nau'in Zanzibar mai araha. Kasuwa ta karɓa, wasu kamfanonin Jamus da Faransa suka bi sahu da biliyoyi. A 1851 Heinrich Barth ya tarar dalar azurfa ɗaya na daidai da wuri 2,500 a Kano, amma kafin ƙarshen ƙarnin darajar ta zube. Baturen Ingila Charles Robinson, wanda ya zo Kano a shekarun 1890, ya ba da labarin cewa da zai sayar da dokinsa, ladan 'yan dakon da za su ɗauki wurin zai cinye kuɗin dokin.

Turawan mulki ne suka ƙarasa shi. Ingilishi sun hana shigo da wuri Najeriya a 1904. Faransawa, da suka kafa mulki a Filinge a farkon ƙarni na 20, sun matsa a biya haraji da kuɗinsu. Wanda ya tara dukiyarsa a keso sai ya wayi gari da kayan ado.

Abin da ya rage

Yau a Filinge da dala ake lissafi, wato sefa 5, sunan da ya samo asali daga waccan dalar azurfa. A Ghana kuwa, inda 'yan Nijar da dama ke ci-rani, sunan kuɗin ƙasar, sidi, daga kalmar Akan ta wuri ya fito.

A daidai lokacin da ake muhawara kan makomar sefa a ƙasashen Sahel, labarin wuri na nuna cewa kuɗi na rayuwa ne da yardar jama'a da kuma ƙarancinsa. Da aka yi ambaliyarsa daga waje, masu ajiya ne suka yi asara.

Wurin roba kuma ya cika kasuwa, a jikin sarƙoƙi da kayan kitso. Na gaske ya fi nauyi da sanyi a hannu. Mai tsohon wuri a gida, kafin ya sayar ko ya yar, yana iya juya bayansa ya duba: idan akwai zobe ruwan lemo, mai yiwuwa ta hanyar Zanzibar ya zo, idan gefen na da ƙulle-ƙulle, irin na Maldif ne.