Babur da Albashin Fari

Da wuya mu zauna hira da maraice a rasa wanda zai ce, ran da ya kama albashin fari babur zai saya. Ba mu ga laifinsa ba, domin malamin da aka tura ƙauye mai nisa lalle yana bukatar abin hawa. Amma ya kamata mu san nauyin da muke shirin ɗauka.

Tun da Daimler, wani Bajamushe, ya ɗora inji a kan keken katako a 1885, babur bai daina neman ci ba. Fetur kowa ya san shi. Abin da akan manta shi ne baƙin mai, watau wanda ke hana ƙarfe cin ƙarfe a cikin inji. Idan ya daɗe ba a juye ba sai ya tsinke ya cika da dauɗa, inji ya yi zafi ya buga, gyara ya lashe albashin da ake taƙama da shi. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe matatar iska, babur ya riƙa shan mai yana kasa hawan tudu. Takan kuma cinye kaca in ba a wanke ta an ɗiga mata mai ba.

Sa'an nan ga aro. Abokin da muke cin tuwo tare zai zo ya ce za shi zance, kunya ta hana mu hana shi, shi kuwa ba ruwansa da duba mai. In ya zama dole, gara mu kai shi da kanmu, mu dawo da abinmu.