Turare: iccen gaggawa a ƙasar Cadakori

Icen fayin, wanda ake yanka fararen katakai da shi a Turai, ba ya rayuwa a jihar Maraɗi. Ruwan sama mai yawa yake so, shi ya sa gandayensa suka tsaya a Afaka ta Kaduna da tsaunukan Jos. A Cadakori da sauran ƙasar Gidan Rumji, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, turare ne ya maye gurbinsa.

Asalin turare daga Ostareliya yake. Ya bazu a Nijar tare da bedi a zamanin dashen itatuwa da ya biyo bayan farin shekarun 1970, musamman bayan taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984 lokacin Seyni Kunce. Abin da ya sa magina ke sonsa a fili yake: miƙewa yake sambal, cikin shekara biyar ko shida ya kai sanda, kuma in an sare shi kututturen ya sake tofo. Da shi ake kafa rumfar kasuwa, a ɗora kwano, a tokare rufin siminti kafin ya bushe.

Sai dai mai saye ya buɗe ido. Ɗanyen turare in ya sha rana tsagewa yake daga baki, wani lokaci ya murɗe, ƙusa ma ta fasa shi. Ƙaramar sanda kuwa kusan duk farin nama ce, jan cikin nan mai ƙarfi bai nuna ba, gara ba ta jin nauyinta. Don haka masu dabara ke ɓare ɓawon, su jera sandunan a inuwa, su babbake gindin ko su shafe shi da baƙin mai kafin a binne. Ko da an yi hakan, bai kama ƙafar azarar giginya ba.

Inda nake ganin an yi kuskure shi ne cusa shi cikin gonar hatsi. Turare mashayin ruwa ne, ganyensa ba ya saurin ruɓewa, gero a gindinsa a ƙanjame yake fitowa. Manoman Agye da Gazawa sun gane haka, suka koma renon tohon gawo da kalgo da sabara, dabarar da Tony Rinaudo ya yaɗa a Maraɗi tun 1983. Gawo na zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana da taki. Turare kuwa gefen Gulbin Maraɗi ya dace da shi, inda ruwan ƙasa ke kusa, a keɓe masa fili nasa nesa da rijiya.