Tseren Basukur A Kan Duwatsun Kigali

Ku sani, ya ku masu karatu, wanda ya saba tuƙa basukur daga Sifawa zuwa Boɗinga, ko ya miƙa ta Shagari da Tambuwal har Jega, ya san rana da ƙura da iskar hunturu, amma hawan dutse sai dai ya ji labari. Tuddanmu gajeru ne, kafin cinya ta yi tsami an kai gangara.

A ranar 28 ga Satumba, 2025, aka yi tseren basukur na duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, shi ne karo na farko da aka kawo shi Afirka. Nisan hanyar ya kai kilomita 267, watau ya zarce tsakanin Sakkwato da Gusau. Amma abin da ya karya mazaje shi ne hawa, domin in an tattara dukan hawan da ke cikinta ya haura mita 5,000, ninki biyu ke nan na dutsen Chappal Waddi na Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Daɗa birnin kansa yana bisa wajen mita 1,500 daga bakin teku, alhali Sakkwato ba ta wuce wajen 300 ba. Iskar can sama ba ta da kauri, mutum ya shaƙa ya cika ƙirji amma jini bai ƙoshi ba.

An sa su kewaya cikin gari sau 15, kowane kewaye sai sun hau tudun Kimihurura, wanda aka daɓe da duwatsu, keke na karkarwa, hannu na mutuwa. A tsakiyar tseren kuma aka fitar da su zuwa dutsen Kigali da wani mugun hawa da ake kira Bangon Kigali. A nan ne Tadej Pogacar, mutumin Sulobeniya, ya fizga ya bar taro, saura wajen kilomita 100. Biyu suka bi shi, ya zubar da su ɗaya bayan ɗaya, ya yi fiye da kilomita 60 shi kaɗai, ya iso bayan sa'a 6 da minti 21. Remco Evenepoel na Beljiyam ya zo na biyu, Ben Healy na Ayalan na uku.

Mahaya fiye da 160 suka tashi, 30 kacal suka kai ƙarshe. Cikinsu ɗan Afirka guda ne, Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya, shi ne kuwa na ƙarshen isowa. Ko ɗan ƙasarsu Biniam Girmay, wanda ya ci koriyar riga a tseren Faransa a 2024, tun kafin ranar ya koka cewa hanyar ta yi wa mahayan Afirka tsanani.

A ganina gaskiyarsa ce. Mai gida ya yi shimfiɗa, ya tara baƙi, 'ya'yansa kuwa ba su ci tuwon ba. Ba ƙarfi suka rasa ba, domin samarin Ruwanda kullum suna hawan waɗannan tuddai da buhunan dankali da tulunan madara a bayan keke. Abin da suka rasa shi ne shekarun horo a manyan tsere, da abinci mai tsari, da basukur mara nauyi mai giya da yawa, wanda kuɗinsa zai sayi garken awaki a kasuwar Boɗinga.