Allah ne ke zaɓa, ko mutum ne ke karɓa? Muhawarar ƙaddara da ceto a majami'un Kebbi

Wanda ya zagaya majami'un Birnin Kebbi da Argungu ranar Lahadi zai ji waƙoƙi masu kama da juna da karatu daga Littafi Mai Tsarki guda. Amma da zai tambayi fastoci uku ko mutumin da ya sami ceto yana iya rasa shi, ba lallai amsarsu ta zo ɗaya ba. Wani zai ce wanda Allah ya kama ba ya suɓucewa. Wani kuma zai ce mai bi yana iya ja da baya har ya hallaka. Wannan saɓani ya girmi majami'un jihar da ƙarnuka masu yawa, kuma daga ƙasar Afirka ya fara yin ƙarfi.

Abin da ake jayayya a kai

Idan Bahaushe ya ce ƙaddara, yawanci yana nufin abin da ya sami mutum na arziki ko rashi, lafiya ko ajali. A wannan muhawara ta Kirista kalmar ta taƙaita ga tambaya ɗaya: wa ke yanke hukuncin ƙarshe kan ceton mutum, zaɓin Allah tun fil'azal ko amsar da mutum ya bayar da aka yi masa wa'azi?

Kowane ɓangare yana da ayoyinsa. Masu fifita zaɓin Allah suna kafa hujja da Romawa sura ta 9, inda Manzo Bulus ya kawo misalin Yakubu da Isuwa da na maginin tukwane da yumɓunsa, da kuma Afisawa sura ta 1, mai maganar zaɓe tun kafin a kafa duniya. Masu fifita amsar mutum suna kawo Yohanna 3:16 da 1 Timoti 2:4, waɗanda ke nuna ƙaunar Allah ga duniya da nufinsa kowa ya tsira, sai Ibraniyawa sura ta 6 mai gargaɗi kan fanɗarewa bayan haske.

Mutanen Argungu, da suka san ruwa, za su gane bambancin da misalin wanda ya nutse a gulbi. Ra'ayi na farko ya ce mutumin yana da sauran ƙarfi, a koya masa iyo kawai zai fita. Na biyu ya ce ya galabaita, sai mai kwalekwale ya farfaɗo da shi ya miƙa masa igiya, amma yana iya kamawa ko ya ƙi. Na uku ya ce ya riga ya suma a ƙarƙashin ruwa, ba shi da hannun kama komai, mai ceto ne ya nutsa ya ɗauko shi. Manyan ɗarikun Kirista sun yi watsi da ra'ayi na farko tun da daɗewa. Tsakanin na biyu da na uku ake ta fafatawa.

Daga Hippo zuwa Dort

A farkon ƙarni na 5 wani malami ɗan Birtaniya mai suna Pelagius ya koyar cewa mutum yana da ikon bin umarnin Allah, domin Allah ba zai umarci abin da ba zai yiwu ba. Augustine, bishop na Hippo, wato garin Annaba na Aljeriya a yau, ya mayar masa da martani cewa zunubin Adamu ya raunata nufin ɗan Adam, don haka ko bangaskiyar kanta kyauta ce. Taron bishop-bishop a Carthage ya la'anci koyarwar Pelagius a 418. Taron Orange na 529 ya tabbatar cewa alherin Allah ne ke fara aiki, amma ya ƙi yarda cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Maganar ta sake tashi a zamanin gyaran ikilisiya. Erasmus ya rubuta littafi yana kare 'yancin zaɓi a 1524, Martin Luther ya amsa masa a 1525 cewa nufin mutum a ɗaure yake. John Calvin na Geneva ya kai maganar ƙarshenta: Allah ya ƙaddara wasu ga rai madawwami, wasu kuma ga hallaka.

Jacobus Arminius, malami a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ya ga wannan yana neman ɗora wa Allah alhakin zunubi. Ya ce Allah yana zaɓen waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya. Bayan rasuwarsa a 1609, almajiransa suka gabatar da ƙorafi mai sassa biyar a 1610. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya ƙaryata su da hukunci cewa mutum ya lalace ta yadda ba zai iya juyowa da kansa ba, zaɓen Allah ba shi da sharaɗi, mutuwar Almasihu tana ceton zaɓaɓɓu ne tabbas, alherin da ke kiran su ba ya faɗuwa, kuma za su jure har ƙarshe. Rikicin ya haɗu da siyasa: an kori fastoci da dama daga aiki, an kuma fille kan ɗan siyasa Johan van Oldenbarnevelt a watan Mayun 1619.

A Ingila ta ƙarni na 18, John Wesley ya rungumi ra'ayin Arminius, abokinsa George Whitefield ya tsaya kan na Calvin. Sun rabu kan batun wajen 1740, amma Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da Whitefield da ya rasu a 1770.

Yadda gadon ya iso Kebbi

Kowace ɗarika ta shigo da nata gadon. Cocin UMCA, mai ƙarfi a ƙasar Zuru da Yauri, ta fito ne daga mishan na United Missionary Society, wanda ya kai Zuru a shekarun 1920, kuma tushen koyarwarsa na ɓangaren Wesley da Arminius ne. Cocin Deeper Life ta Fasto W. F. Kumuyi ita ma tana jaddada tsarki da gargaɗi kan ja da baya.

Cocin Angilika, mai diyosis a Birnin Kebbi, ta gaji Ƙa'idojin Addini 39 na ƙarni na 16. Ƙa'ida ta 17 ta tabbatar da zaɓen Allah zuwa rai, ba ta ce ya ƙaddara kowa ga hallaka ba, ta kuma yi kashedi cewa zurfafa bincike a kan batun yana iya jefa mutum cikin yanke ƙauna. Katolika kuwa, waɗanda a Birnin Kebbi da Argungu suke ƙarƙashin diyosis na Sakkwato, suna bin hukuncin taron Trent na 1547: alherin Allah ne ke farawa, mutum yana ba da haɗin kai, yana kuma iya ƙi. Da malaman Dominican da na Jesuit suka yi ta gardama kan yadda hakan ke faruwa, Fafaroma Paul na Biyar ya rufe zaman a 1607, ya hana kowane ɓangare kiran ɗayan ɗan bidi'a. Masu riƙe da hukuncin Dort a hukumance a Najeriya sun fi yawa a wasu jihohi, kamar cocin NKST a Benuwai da CRCN a Taraba.

Inda maganar ke taɓa rayuwa

Batun ba na aji kaɗai ba ne. Idan ɗan wata uwa ya bar coci bayan shekaru yana waƙa a ƙungiyar mawaƙa, me fasto zai gaya mata? Mabiyin Calvin zai ce in ɗan nata zaɓaɓɓe ne zai dawo, in kuma bai dawo ba, bangaskiyarsa ba ta yi saiwa ba tun farko. Mabiyin Wesley zai ce ya sami ceto na gaske ya yar, amma ƙofar tuba a buɗe take. Amsa ta farko tana ba da natsuwa, tana kuma iya sa mutum shakkar ko shi kansa yana cikin zaɓaɓɓu. Ta biyu tana zaburarwa, tana kuma iya sa mai bi ya kwana da fargabar kowane kuskure.

Ana kuma zargin mabiya Calvin da cewa koyarwarsu tana kashe himmar wa'azi. Tarihi bai goyi bayan zargin gaba ɗaya ba, domin William Carey, wanda ya tafi Indiya wa'azi a 1793, ɗan Baptis ne mai ra'ayin Calvin. Hujjarsu ita ce Allah da ya ƙaddara ceto shi ne ya ƙaddara wa'azi ya zama hanyarsa.

Musulmin da ya karanta tauhidi zai ga abin da ya sani a nan. Jabariyya sun ce bawa tilasta shi ake yi, Ƙadariyya suka ce shi ke samar da aikinsa, Abul Hasan al-Ash'ari kuma ya zo da bayanin kasbu: Allah ke halittar aiki, bawa ke ɗaukar nauyinsa. Bambancin shi ne Musulunci bai koyar da zunubin gado ba, alhali shi ne ginshiƙin hujjar Augustine.

Duk da tsawon jayayyar, Dort da Trent da Wesley sun haɗu a kan abu biyu: ba wanda zai ceci kansa ba tare da alherin Allah ba, kuma mutum zai amsa laifin abin da ya aikata. Yadda waɗannan biyun suke haɗuwa ne har yau ba a daidaita ba, a Leiden ko a bakin gulbin Argungu.