Damargu: sabo da kaza ba ya hana yanka ta

Duk wanda ya taɓa sauka bakin wani tabki na ƙasar Damargu a cikin watannin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya san abin da ido kan fara gani. Ga mai garka a duƙe yana ban ruwa, ga ɗan akuya ɗaure a bayan shinge yana kuka duk lokacin da maigidan ya ba shi baya, ga zabi suna kewaye wurin, ga tinkiya kwance a inuwar aduwa tana tuƙa. Baƙo zai ce dukiya ce aka fito da ita kiwo, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai mutumin da zai wuni daga hantsi har la'asar bai ga ɗan Adam ba, da waɗannan bisashe yake hira, su yake yi wa faɗa, su ne kuma ke biye da shi in ya kama hanyar gida. Wannan sabo na tsakanin mai garka da ƙananan bisashensa, da amfaninsa da kuma ɗacinsa, shi muka ga ya dace mu duba tare da masu karatu a wannan mako.

Rumbun hatsi da ya koyi garka

Tun fil azal da gero aka san Damargu. Ayarin Abzinawa a nan yake auna hatsin da zai kai arewa, kuma ta nan ne Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa a watan Janairu na 1851, inda ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a ƙauyen Tagelel. Garin Tanut yana kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram, a kan hanyar Agadas, Balbeji kuwa, wadda ke cikin gulbin Tarka, ta fita daga ƙarƙashin Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ƙasa ce da noma da kiwo ke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa, domin kuwa dokar 26 ga Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bar arewacin yankin ga makiyaya, Buzaye da Fulani.

A irin wannan ƙasa ruwa ne sarki. Rijiyoyi suna da zurfi ƙwarai a wurare da dama, shi ya sa garka ba ta da daɗaɗɗen tarihi a nan kamar yadda take da shi a Mirya ko a ƙoramun kudu. Farin 1984, shekarar da talakawa suka sa wa suna El-Buhari, shi ya canza al'amura. Da damana ta ci amana, rumbuna suka tashi wayam, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a da su rungumi noman rani duk inda aka samu ɗigon ruwa. Mutane suka taru a bakin tabkuna da fadamu, suka koyi shuka salati da shu da karoti da tumatir, ban da kabewa da kuɓewa da wake da suka riga suka sani. Da yawa daga cikin waɗanda suka duƙa a kan fangali a wancan lokaci mutane ne da fari ya raba da garkensu. Wanda ya rage da akuya guda ko biyu ba zai iya ba da su ga makiyayi ba, ba zai kuma bar su a gida babu abin ci ba. Sai ya jawo su zuwa bakin garka.

Ba ni gishiri, in ba ka manda

Tsakanin garka da turke akwai ciniki irin na ba ni gishiri in ba ka manda. Abin da mai garka ya cire ya yar, wato ciyawar da ta fito tsakanin shuka, da ganyen shu na waje, da yaɗon dankali, da tumatirin da ya ruɓe, duka cimaka ce ga akuya a lokacin da daji ya bushe, ba a samun komai sai karangiya. In an haɗa mata da ɗan harawa, da dusa, da ƴaƴan gawo waɗanda ke zuba cikin rani, da ɗan guntun kanwa, sai ta riƙe jikinta har faɗuwar ruwa. Ita kuma tana biya da kashinta. Ƙasar Damargu jigawa ce a mafi yawan wurare, ruwa ba ya zama a cikinta, kuma takin zamani ya fi ƙarfin aljihun talaka. Takin awaki da tumaki, in an tara shi a rami an yayyafa masa ruwa ya ruɓe, yana kama yashi ya sa fangali ya riƙe laima. Na kaji ya fi ƙarfi, amma wanda ya zuba shi ɗanye a gindin dashe ya ƙone abinsa da hannunsa.

Kaji da zabi ma suna da nasu aiki. Suna tsince fara da gara da tsutsa a kewayen shinge, kuma zabuwa ba ta ganin maciji ko baƙuwar fuska ta yi shiru. Da yake zabuwa ba uwa ce ta kirki ba, mata kan sa wa kaza ƙwanta ta kwanta a kai. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kuwa kamar kwana 28, amma kazar takan haƙura ta jira, ta kuma yi renon ƴaƴan da ba nata ba. Kaskon ruwan da aka ajiye musu a gindin icce kowa na sha, har ƙadangaren da karin magana ta ce albarkacin kaza yake samu.

Sunan da ba a raɗa wa kuɗi

In da lissafin riba ne kaɗai, da ba a raɗa wa akuya suna ba. Amma ku shiga kowane gida ku saurara, za ku ji ana kiran Ja, ko Fara, ko Mai Gemu, ko Marainiya. Ɗan tinkiyar da uwarsa ta mutu aka rene shi da hannu ba ya ƙara bin garke, mai gidan yake bi, har ƙofar masallaci. Tsohuwar da ƴaƴanta suka tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, kuma irinta suna da yawa a Damargu, takan wuni tana yi wa akuyarta magana tana tsinkar yakuwa, kuma babu mai ce mata ta zautu. Yara kuwa a nan suke fara koyon ɗaukar nauyi: kafin a tafi lakol sai an ba ɗan akuya ruwa, in an taso sai an yanko masa ciyawa.

Addini bai hana wannan tausayi ba, ƙarfafa shi ya yi. Malamai suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi kiwon tumaki a Makka a ƙuruciyarsa, kuma sahabin nan Abu Huraira daga ƴar kyanwar da yake yawo da ita ya samo laƙabinsa. Suna kuma gargaɗi game da matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

A ƙasashen Turawa ma akwai masu ajiye ƙananan bisashe a bayan gida don su ɗebe musu kewa suna aikin lambu. Abin mamaki, gajerun awakin da suka fi so asalinsu na Afirka ta Yamma ne, irin na kurmi. An fara kai su gidajen namun daji na Turai, daga can suka shiga Amurka a shekarun 1950, har ɗaya daga cikin jinsunan yana ɗauke da sunan Najeriya. Bambancin guda ne, amma babba. Da yawa daga cikin masu irin wannan kiwo a can suna barin dabba ta tsufa ta mutu a hannunsu. Mai garkar Damargu ba shi da wannan gata. Tun ranar da ya ɗaura wa ɗan akuya igiya ya san akwai ranar da za ta zo, ko ta suna, ko ta Layya, ko ta asibiti, ko ta yunwa.

Ranar da aka kwance igiya

Mai wannan rubutu ya ga irin wannan rana da idonsa. A 2004 fara ta sauka, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, sai shekarar 2005 ta zo da yunwar da har yau ba a manta ba. Kakata tana zaune a wani ƙauye na gulbin Tarka, tana da ƴar garka ta kabewa da yakuwa a bayan gida, da wata jar akuya mai bin ta duk inda ta sa ƙafa. Akuyar ta haifa mata sau da yawa, da kuɗin ƴaƴanta aka sai mini littattafai shekarar da na shiga kwaleji. Da bazara ta yi tsanani hatsi ya ƙare, sai aka rasa abin ɗauka a kai kasuwa in ba ita ba. Kakata ba ta iya zuwa da kanta ba. Ta kwance igiyar ta miƙa wa kawuna, ta shige ɗaka, ba ta fito ba sai da kukan ya ɓace. A shekarar nan kowa na sayar da bisa, babu mai saye, hatsi kuwa ya yi tashin gwauron zabi, don haka abin da aka auno da kuɗin bai kai mu ƙarshen wata ba. Turken ya yi shekara guda a kafe, ta hana kowa ya cire.

Abin da ya maida mata da fara'a wata al'ada ce ta makiyaya. Wata Bafilatana da suke cinikin nono da ita ta kawo mata ƴar akuya a kan haɓɓanaye, wato aron dabba mace da ake ba wanda ya rasa, ya riƙe ta har ta haihu sau biyu ko uku, ya ɗauki ƴaƴan, ya maida uwar ga mai ita. Ƙungiyoyin agaji da dama sun ari wannan dabara bayan farin 2005 da na 2010, suna raba wa mata awaki a kan sharaɗin su miƙa wa wasu. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, shi ya sa ita ce hanya mafi sauri ta tada gidan da ya faɗi. Jar akuyar Maraɗi ta shahara da tagwaye da kyan fata, amma a tsandaurin Damargu doguwar akuyar nan ta makiyaya ta fi jure tafiya da ƙishirwa, kuma ya kamata masu rabon su riƙa tambayar matan abin da ya dace da ƙasarsu.

Haƙƙin abokin zama

Sabo yana da haƙƙi, kuma a nan ne ake yawan sakaci. Na farko shi ne shinge. Akuyar da ta ɓalle ta shiga fangalin maƙwabci tana iya cinye aikin wata biyu kafin a gama alwala, kuma ƙaramar ɓarna irin wannan ta sha raba zumunci, ta kai mutane gaban mai gari. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, sun amince da haƙƙin makiyaya na bin burtali da isa ga mashaya. Tabkin da ake garka a bakinsa shi ne kuma wanda garken makiyayi ke sha, saboda haka wanda ya kewaye shi ruf da ƙaya ya gayyato rigima. A bar hanya, a ƙarfafa shinge, a ɗaure ta gida.

Na biyu shi ne lafiya. Annobar awaki da tumaki, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, tana iya share turke cikin ƴan kwanaki. Tun 1942 aka gano ta a Kodebuwa, kuma a taron Abijan na 2015 ƙasashen duniya suka ɗau alkawarin kawar da ita kafin ƙarshen 2030. Allurar rigakafi ce maganinta, amma sau da yawa akuyar da ke ɗaure a bakin garka ita ake mantawa da ita ranar da likitocin bisashe suka zo gari, domin ba ta cikin garke. Kaji kuma kowane hunturu sai cutar nan mai murɗe wuya ta yi musu kisan kiyashi, alhali ita ma tana da rigakafi. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a watan Fabrairu na 2006 ba: kazar da ta mutu da kanta a binne ta, kada a bar yara su yi wasa da ita. Nonon akuya kuma a tafasa shi kafin a ba yaro.

Na uku shi ne abin da muke zubarwa da hannunmu. Ganyen da aka fesa wa maganin ƙwari jiya ba abin ba dabba ba ne yau. Leda kuwa, duk da dokar 2014 da ta hana shigo da ita da sayar da ita, mahauta sun sha ciro ta dunƙule a tumbin akuyar da ta rame ba a san dalili ba.

Magabata da suka ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, ba rashin imani suke koyarwa ba. Sun san talaka yana son dabbarsa, sun kuma san wata rana zai rabu da ita don ƴaƴansa su ci. Abin da ke hannunsa shi ne tsakanin ranar ɗauri da ranar kwance igiya: inuwa, da ruwa mai kyau, da allura a kan lokaci, in kuma ranar ta zo, wuƙa mai kaifi wadda ba a wasa ta a gaban dabbar ba. Ga hukumomi da masu agaji kuwa, duk shirin noman rani da ya kawo iri da bokiti ya manta da akuyar da ke bayan shinge, rabin garka ya gani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika tabkuna, ya raya abin da muka ɗaure.