Masara a Dakoro: kafin a zuba taki, a dubi ƙasar

Kowa ya san Dakoro ƙasar hatsi ce da kiwo. Masara sai a kwarin Tarka, ko bayan gida inda dabbobi ke kwana, domin ruwan da ke sauka nan bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Duk da haka muna yawan jin kukan manoma cewa sun zuba takin zamani, masara ba ta tashi ba, kuɗi sun tafi.

To, sau da yawa laifin na ƙasar ne. Jigawar jihar Maradi rairayi ce mai tsami, kuma fosfor ya yi mata ƙaranci. A ƙasa mai tsami, ɗan fosfor ɗin da ke akwai ma ɗaurewa yake, saiwa ba ta iya shansa. Hatsi yana jurewa, masara kuwa ba ta da wannan haƙuri. Idan ganyenta ya yi ja-ja tun tana ƙarama, yunwar fosfor ce. Idan ganyen ƙasa ya fara yin rawaya daga tsini, azot ne babu.

Abin da ke damunmu shi ne mai gona ya je kasuwa ya sayo ure kaɗai, don ita ce ke sa ganye ya yi kore nan take. Alhali ure, shekara bayan shekara, ƙara wa ƙasa tsami take yi. A ganinmu takin gargajiya ne farko: kashin shanu da na awaki da ya ruɓe, a kai gona tun rani. Tokar murhu da mata ke zubarwa kullum tana rage tsami, amma kada a haɗa ta da ure, ƙarfin takin zai bi iska. Garin dutsen fosfat na Tahoua shi ma a ƙasa mai tsami ya fi narkewa.

Masu bincike na ICRISAT a Sadoré da na INRAN sun nuna amfanin sa taki ɗan kaɗan cikin ramin shuka: giram 6 na 15-15-15, wajen cikin marfin kwalbar lemo. Wannan awon na hatsi ne, masara ta fi shi ci. Ita sai an ƙara mata ure sau biyu, bayan noman fari da kuma dab da fitar bunu, a rufe da ƙasa lokacin da akwai laima.