Haraji a kan riba yake, ba a kan kuɗin da ya shigo asusu ba



Tunda sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 nake ganin masu kaji da kifi suna hana kwastoma turo musu kuɗi ta banki, wai a kawo a hannu kar gwamnati ta yanki nata. Jama'a, ba haka abin yake ba. Naira 50 ɗin da ake cirewa idan an tura dubu 10 zuwa sama daban take, ba ita ce harajin kasuwancinka ba.

Haraji a kan riba yake. A ce a shekara ka sayar da kaji na miliyan 5, amma 'yan tsaki, abinci, rigakafi, gawayin ɗumama da kuɗin yaron gona sun ci miliyan 4 da dubu 300. Ribarka dubu 700 kenan. Dokar ta ce dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 cikin ɗari. Ka ga in kiwon ne kaɗai hanyar samunka, ko sisi ba a bin ka. Amma fa da me za ka nuna ka kashe miliyan 4 ɗin? Nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya sayi abinci buhu ɗari ba rasit, kuɗin gona da na cefane da gudummawar biki duk a asusu ɗaya, ranar da aka tambaye shi sai kame-kame. Littafi na dubu ɗaya da asusun gona daban sun isa su raba wannan gardamar.

Rijista kuma ta yi sauƙi, ta intanet ake yi a shafin CAC. In sunan kasuwanci ka yi, kai da gonar abu ɗaya ne, hukumar harajin jiharka ce ke da kai. In kamfani ne, tun dokar CAMA ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗewa, kuma lissafinsa na hukumar tarayya ne, wato NRS da ta gaji FIRS. Ƙaramin kamfani ba ya biyan harajin riba, sai dai dole duk shekara ya miƙa bayanan shiga da fita, kuma rashin miƙawa akwai tara. Ni a ganina mai kaji 500 ko tankin tarwaɗa biyu sunan kasuwanci ya wadace shi, kar ya ɗauko wa kansa ɗawainiyar akanta tun bai tsaya da ƙafarsa ba.

Maganar shaida ta fi zafi ga masu kai kaya ƙetare. Ka tura ƙwai Maraɗi, mai saye ya ba ɗan canji sefa, ɗan canji ya sa wani da ba ka taɓa jin sunansa ba ya turo maka naira. Kuɗi sun zo lafiya, amma a takardar banki babu abin da ya haɗa su da ƙwan. Masu kai busasshen kifi Gana su suna da PAPSS, tsarin da Afreximbank ya ƙaddamar a Accra a Janairun 2022: ya biya da sidi, kai ka karɓi naira, ba sai an bi ta dala ba. Da ƙasashe shida aka fara shi, Najeriya, Gana, Gambiya, Gini, Laberiya da Saliyo, ƙasashen sefa ba sa cikin zubin farko. Don haka tambayi bankinka tukuna kafin ka yi wa kwastoma alkawari.

In ta ɗan canjin ne dai za a bi, to rubuta takardar ciniki mai kwanan wata, yawan kiret, farashin sefa na ranar da sunan wanda ya turo, ka ɗauki hotonta ka aika wa mai sayen a WhatsApp ya amsa.